Bakwai a Gindin Katanga

Ranar Asabar na dasa su, farkon Afrilu,
ortansiya bakwai a gindin katangar dutse,
inda aka ce ƙasar tana da tsami,
furen zai fito shuɗi kamar rigar masunta.
Mako guda cur rana tana lallashina,
har na rataye kwat a bayan ƙofa,
na ce sanyi ya tattara nasa ya nasa.

Soizig ta leƙo ta kan shinge, kofi a hannu:
"Goulven, ka yi garaje.
Uwata ba ta sa komai a ƙasa
sai Mayu ya raba tsakiya."
Na ce uwarki ba ta da rediyo mai faɗin yanayi.
Ta kurɓi kofinta, ba ta ƙara ba.

Daren Laraba sama ta washe tas,
ba ko ƙyallen gajimare,
iskar teku ta ɗauke kamar an toshe mata baki.
Na tsaya a taga ina yaba taurari.
Ni da na shekara talatin ina raba wasiƙu da asuba
daga Morlaix har bakin gaɓa,
ni ya kamata in gane irin wannan shiru.
Na ja bargo.

Da safe ciyawa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi,
raɓa ta daskare fari fat, kamar an barbaɗa gishiri.
Ganyen na tsaye ƙyam, har na ce sun sha.
Sai da rana ta taɓa su
suka saki jiki, suka langaɓe,
kamar alayyafon da aka tsoma a tafasasshen ruwa.
Abin da ya ɗaure mini kai ke nan har yau:
sanyi ne ya zo, amma ƙuna ya bari.
Kafin tsakar rana toho ya yi baƙi ƙirin.
Shida.
Na sake ƙirgawa, shida.

Ta bakwai tana can ƙarshen layi
ƙarƙashin jan bokitin roba.
Titouan, jikana, shi ya kife shi a kanta
yana wasan ɓoye dodon-koɗi.
Da yammar nan na yi masa faɗa,
na ce ya ɗauke, ya ce to, ya manta,
motar uwarsa ta tafi da shi yana kumbure-kumbure.
Na ɗaga bokitin.
Kore shar. Har da ɗigon ruwa a bakin ganye,
da dodon-koɗi biyu suna karin kumallo.

Na ɗauko almakashi in yanke abin kunya.
"Ajiye," in ji Soizig.
Ta zagayo da silifas, ta durƙusa da ƙyar,
ta kankare ɓawon reshe da farce:
ƙarƙashinsa ɗanye, launin tsanwa.
"Mataccen ganyen nan shi ne hular na ƙasa.
Bar musu kayansu.
Bana dai ba fure. Baɗi, in muna nan."

Yanzu kullum in rana ta faɗi
ina fita da tsofaffin zannuwan gado,
da labulen kicin, da mayafin tebur na Kirsimeti,
Annaig tana mita daga bakin ƙofa,
ni ina danne gefe da duwatsu.
In ka wuce da dare sai ka ce
wasu baƙi ne suka tsuguna suna jiran bas.

Jiya na ga wani abu a gindin ta uku,
bai kai ƙwayar shinkafa ba, ja-ja, mai tsini.
Ban gaya wa kowa ba.

Bokitin yana nan inda yake.
Sau biyu na ɗauki waya in kira yaron,
ban samo bakin zaren ba tukuna.